Abin da Ya Tsorata Godiyar Arlo

Godiyar ce ta fara kawo labari. Ta dawo gida ita kaɗai da hantsin Lahadi, sirdi ya karkace, linzami na jan ƙasa, ta tsaya a bakin garke tana jira a buɗe mata. Kafin rana ta take, duk garin Medlow ya ji an tsinci gawar tsoho Arlo Pruitt a kusurwar shingensa ta arewa, ƙeya a fashe, kuma an bi ƙasar da ke kewaye da shi an share da reshe. Mutumin da ya faɗo daga doki ai ba ya tashi ya share sawu. Saboda haka gari ya ce kisa ne, kuma bai sha wahalar neman mai kisan ba.

Mutanen nan namu, Allah ya shirye su, kowa ya ga Teofilo. Wanda ya fita ba shanu ciyawa ya gan shi, matar da ke hanyar coci ta gan shi, har wanda bai fito daga gida ba ranar ya rantse ya gan shi. Teofilo Huaman makiyayi ne daga ƙasar Peru, bana ya zo, yana kiwon tumakin wani mai garke a filin da ke maƙwabtaka da na Arlo, yana kwana shi kaɗai a ɗan ɗakinsa mai ƙafafu tare da karnuka biyu. An gan shi tsakiyar kwalta yana ɗaga hannu, jini a tafukansa. An kuma tuna cewa da bazara sun yi cacar baki da Arlo a kan kwamin ruwan shanu. Kafin yamma yana ɗakin tsaro, maigidansa kuma har ya fara cigiyar wani makiyayin.

Cody Haugen, ɗan sandan gunduma, shi ne bai gamsu ba. Ya tuƙo mota har ƙofar gidan Wendell Skogen.

Wendell ya ba saba'in baya, kuma tun yana saurayi aikinsa bin sawu: maharbin da ya ɓata a dutse, saniyar da aka kora, yaron da ya bi kare ya manta hanya. Tun rasuwar matarsa Inez ya daina amsa kira. Abin da ya rage masa a duniya teburi ɗaya ne a shagon gahawar Darlene, inda kowace safiya suke zama su uku, shi da Arlo da Merle Dunning, suna yi wa juna tsiya. Yanzu sun koma biyu.

"Baba Wendell, ranar Alhamis za a shigar da shi gaban alƙali da laifin kisan kai," in ji Cody. "Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Ka zo ka duba mini ƙasa."

Wendell ya ce idonsa ya tsufa. Cody ya ce ya ji, ya kuma ci gaba da tsayuwa a bakin ƙofa har sai da tsohon ya ɗauko hularsa.

*

Wurin ya sha tattaki. Motar asibiti, motar ’yan sanda da a-kori-kurar duk wani mai son ganin ƙwaƙwaf sun yi fakin a gefen hanyar tsakuwa, sun murƙushe komai. Wendell ya yi tsaki, ya bar wajen, ya koma can baya inda sawun godiyar ke nan lafiya lau, ya biyo ta a hankali.

Tafiyar ƙasaita take yi, irin ta dabbar da ta san hanya. Shekara da shekaru Arlo na bin shingen nan a kanta kowace safiya, ko da ya yi gyangyaɗi za ta kai shi ta dawo da shi. Sai ga shi ana saura kaɗan a kai kusurwa, kofatan gaba sun nutse cikin ƙasa. Ta ja burki ke nan. Ta tsaya tana fuskantar kusurwar, sannan ta yi wani mugun tsalle gefe guda. Nan Arlo ya bar sirdi, ga dutsen da ya tarbe shi.

Ba wanda ya buge shi, ashe. Amma wani ya zo ya tsaya a kansa, ya kuma share sawunsa. Sawun Teofilo yana bisa sharar, a fili, bai ɓoye ko ɗaya ba: ya zo da gudu, ya durƙusa, ya tafi da gudu. Wendell ya nuna wa Cody. Cody ya ce lauyan gwamnati zai ce ya share na farko ne, ya dawo ya yi na biyu don a gani.

Wendell ya tsuguna daidai inda godiyar ta tsaya, ya kalli abin da ta kalla. Turke, waya mai ƙaya, busassun ƙirare da iska ta tara a kusurwa, sai tazargade har iyakar gani. Babu leda, babu mushe, babu sawun kyarkeci ko maciji. Tsohuwar godiya ba ta zabura a banza, sabon abu ne ke zaburar da ita. Tumaki da karnukan Teofilo kuwa ta gama sabawa da su tun bazara. Ya daɗe a tsugune har gwiwa ta fara yi masa ciwo, bai ga komai ba.

*

Ya fara da Travis, mijin ’yar Arlo, don kowa ya san ya daɗe yana matsa wa surukinsa a sayar da filin. Ya same shi a rumbun ciyawa, fuska a murtuke. Travis ya ce shi ma ya ji ana raɗa da sunansa, kuma in Wendell na son ganin tayar motarsa, ga ta nan. Wendell ya duba. Motar tana kan duwatsu, ba ƙafar baya, kaji har sun fara ƙwai a bayanta. Safiyar Lahadi kuwa yana coci yana rera waƙa da muguwar muryarsa, rabin gari sun sha wahalar jin sa. Jolene, ’yar marigayin, ta rako Wendell har mota, da zai tayar da motar sai ta ce ba ta son ta ƙara ganin godiyar nan, duk mai so ya ɗauka.

Washegari da safe ya je shagon Darlene. Merle na zaune a kujerarsa, ta Arlo kuma an tura ta ƙarƙashin teburi. Darlene ta zuba musu gahawa, ta ce ita tun ranar da baƙon nan ya shigo sayen burodi ta ga idonsa bai yi mata ba. Wendell ya tambaye ta mota nawa ta wuce ta gaban shagon a safiyar Lahadi. Ta ce babu ko ɗaya. Ya ce to wa ya kawo mata madara? Ta ce ai wannan kullum yana zuwa, ba ta lissafa shi ba.

Merle bai yi dariya ba. Ya tambayi Wendell ko ya samu wani abu, Wendell ya ce bai samu ba. Suka zauna suna juya kofi, hira ta ƙi kamawa. Wendell ya ɗauka rashin Arlo ne, ya ji tausayin abokinsa, ya biya musu su biyun ya fita.

Gidan ya tarar yadda ya bar shi, kamar kullum. Wannan ne abin da ya fi ci masa rai tun tafiyar Inez. Ita ta koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a kwalejin gunduma, kuma tana da wani wasa da take yi masa: ta ɗauke agogon bango ko hoton aurensu ta ɓoye, ta zuba masa ido ta ga yaushe zai lura. Wani lokaci sai ya yi mako bai lura ba, shi da ke gane sawun barewa a kan dutse. Sai ta yi ta dariya, ta ce ba laifinsa ba ne. Ta ce ido ba ya kallon abin da ya sani. In abu ya daɗe a wuri, ƙwaƙwalwa takan daina aika ido ya duba, sai ta riƙa nuna wa mutum tsohon hoton da ta ajiye. Sabon abu ne kawai ke buga mata ƙararrawa. Yakan ce mata wannan surutun ’yan boko ne. Yanzu ga shi ba mai ɗauke masa komai, kowane cokali na inda yake, ya zauna ya ci wake na gwangwani a cikin tukunya.

*

Ranar Laraba Cody ya buɗe masa ɗakin da ake tsare da Teofilo. Mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa, ya kai shekara arba'in. Abin da ya fara tambaya shi ne wa ke ba karnukansa abinci. Wendell na da ɗan guntun Sifaniyanci da ya tsinta wajen masu askin tumaki, Teofilo na da guntun Turanci, suka haɗa suka yi maneji.

Wendell bai tambaye shi ko ya yi kisa ba. Ya tambaye shi me ya kai shi kusurwar nan da sassafe, alhali tumakinsa na can bayan tudu.

Teofilo ya ce waya. Duk faɗin dajin nan, wuri ɗaya ne wayarsa ke kama layi, shi ma sai ya hau bisa ya ɗaga hannu. Kowace Lahadi yakan je ya kira matarsa da ’yarsa, ita ce kawai muryar mutum da yake ji a mako. Ranar ya je, sai ya ga tsohon a kwance. Ya taɓa shi da ɗumi, amma ba numfashi. Ya lulluɓe shi da bargonsa, ya nemi kiran taimako, waya ta ƙi, shi ya sa ya ruga kwalta.

"Me ya hana ta kamawa, tunda nan take kamawa?"

"Abin da nake hawa ba ya nan, maigida."

"Wane abu?"

"Garma. Tsohuwar garmar ƙarfe, ta dawakai." Ya kwatanta hannayenta biyu da nasa. "Irinta mahaifina yake da ita. Ranar da na fara zuwa ƙasar nan ita na fara gani, na ji kamar na ga ɗan garinmu. Na faɗa musu ba ta nan, suka ce ba garma suke tambaya ba."

Wendell ya buɗe baki zai ce ai garma na nan, shekaranjiya ma ya gan ta. Sai ya rufe bakin. Ya gan ta ɗin? Ya tsuguna a gabanta har gwiwarsa ta yi ciwo, yana neman abin da aka ƙara a wurin. Bai taɓa kawo wa ransa cewa ragewa aka yi ba. Godiyar ta iso inda ta saba ganin ƙarfe tun tana ’yar duƙusa, ta ga fili, wannan filin shi ne sabon abin da ya razana ta.

Ya koma kusurwar shi kaɗai. Ya kwashe ƙiraren da ya ɗauka iska ce ta tara, sai ga ciyawa fara fat, wadda ba ta ga rana ba tun kafin a haife shi, ga ramin da bakin garmar ya bari. A gefen ramin akwai sawu ɗaya tak da tsintsiyar ba ta kai gare shi ba, inda mutum ya dogara da ƙarfi ya cicciɓi abu mai nauyi. Ƙafar hagu ce, ta karkata waje, diddigen ya cinye ta gefe guda.

Wendell ya zauna a ƙasa. Shekara nawa yana jin takun ƙafar nan ta Merle na shigowa shagon Darlene? Sai kuma wani abu ya faɗo masa, wanda ya fi sawun ciwo. Tun da suke zama a teburin nan, ba a taɓa shan gahawa an tashi ba Merle bai yi mitar garmar kakansa ba. Filin na kakan Merle ne kafin ya koma hannun su Arlo, garmar ta tafi da filin. Merle ya roƙa, ya yi fushi, ya yi barkwanci, Arlo kuwa sai ya ce ai ta fi kyau a inda take. Mitar ta zame musu kamar ƙarar firij, ba mai jin ta. Jiya Merle bai yi ta ba, kuma Wendell bai ji shirun ba.

Ya yi tunanin mayar da ƙiraren ya rufe. Gaskiya ya yi wannan tunanin, kuma ya daɗe yana yin sa. Merle kaɗai ya rage masa. Amma akwai mutum a kulle da gobe za a kira shi mai kisan kai, a ƙasar da ba wanda ya iya faɗin sunansa daidai. Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa, ya tafi neman Cody.

*

Da yamma aka binne Arlo. Bayan an dawo daga maƙabarta aka taru a shagon Darlene, an haɗa tebura, ga naman gashi da dankali da kek iri-iri da mata suka kawo. Jolene da Travis na gefe, Merle na kujerarsa. Cody ya shigo da Teofilo ya zaunar da shi kusa da ƙofa. Wani ya ce wannan rashin ta-ido ne. Cody ya ce a yi haƙuri, Baba Wendell na da tambaya ɗaya.

Wendell ya miƙe. Ya ce kusan kowa a nan ya je kusurwar nan ranar Lahadi, wasu ma sun koma. Yana so a faɗa masa abin da ke wurin.

Aka fara kallon juna. Travis ya ce turke da waya mana, sai tsohuwar garma. Darlene ta ce garmar dai, har ta lura ciyawa ta kusa rufe ta. Mai kawo madara ya ce shi a jikinta ma ya jingina lokacin da ake ɗaukar gawar. Ya faɗa da zuciya ɗaya, ba ƙarya yake yi ba, abin da kansa ya nuna masa ke nan. Haka aka bi layi, kowa ya ga garma.

Wendell ya ce babu garma a wurin, tun safiyar Lahadi babu ita. Ya ce shi ma ya gan ta, a inda ba ta. Ya gaya musu yadda godiyar ta tsaya, da abin da ta kalla, da yadda Arlo ya faɗo. Ya ce duk garin nan mutum biyu ne suka san an ɗauke ta. Ɗaya baƙo ne, wanda idonsa bai riga ya saba da komai namu ba, shi ya sa yake ganin abin da ke gabansa.

Bai faɗi na biyun ba. Ya juya ya dubi teburinsu.

"Merle, kai kaɗai ba ka ba ni amsa ba. Garmar kakanka ake magana, ka yi shiru?"

Merle ya dubi kofinsa. Da ya yi magana, muryar ƙasa-ƙasa ta fito, sai da mutane suka matso.

Ya ce likita ya gaya masa zuciyarsa ta gaji, shi kuma yana so ya ga garmar nan a ƙofar gidansa kafin ya tafi. Da asuba ya je da katako da igiya ya ɗora ta a mota. Ya hau tudu ke nan ya hango Arlo a madubi, ya ga godiyar ta yi tsalle. Ya dawo da ƙafa. Arlo na numfashi, idonsa a rufe.

"Na ce zai farka, Wendell. Ka san taurin kansa, sau nawa doki na kayar da shi? Na ce in ya farka ya gan ni da garma a mota, har in mutu yana kirana ɓarawo a gaban mutane." Ya shafa fuskarsa. "Kunya na ji. Kunya kawai. Na share ƙafata na tafi, ina cewa in an jima zai shigo nan yana zage-zage."

"Da aka kama wannan bawan Allah fa?" in ji Wendell.

Merle ya sunkuyar da kai. Jolene ta tashi ta fita, ƙofar ta rufu a bayanta a hankali. Cody ya cire wa Teofilo ankwa, bai saka wa Merle ba, ya dai tsaya a bayansa har ya miƙe. Da suka zo wucewa Merle ya tsaya daidai Wendell kamar zai ce wani abu, sai ya gyara hularsa ya wuce, ƙafar hagun na ja.

Ba wanda ya ba Teofilo haƙuri. Darlene ce dai ta yanka kek ta ajiye a gabansa ba ta dube shi ba, shi kuma ya ci, don yunwa yake ji.

*

Wendell ne ya mayar da shi wajen tumakinsa. Karnuka suka yi ta tsalle kamar za su kayar da shi. Teofilo ya ce da an sauko da garke daga tudu zai koma gida, ba zai sake zuwa ba, Wendell ya ce ya yi daidai. Kafin su rabu ya ja a-kori-kurarsa zuwa kusurwar shingen, ya ce masa ya hau bayanta ya ɗaga wayar. Ta kama. Wendell ya koma nesa ya ba shi wuri, yana jiyo mutumin na dariya da kuka a harshen da bai sani ba.

A shagon Darlene an ɗauke teburin nan an kai lungu, an ɗora injin gahawa a kai. Ba a yi wata guda ba mutane suka daina lura. Wasu ma cewa suke tun da can a nan injin yake. Wendell ya je sau ɗaya, ya tsaya a bakin kanta ya sha nasa a tsaye, bai koma ba.

Godiyar kuwa shi ya ɗauka, tunda ba mai so. Kowace safiya yakan ja ta da igiya su bi shingen arewa, don ba a barin dabba da tsoro a ranta. Da farko in sun doshi kusurwar sai ta toge, ta yi ta huci, kunnuwa a tsaye. Sai ya tsaya tare da ita, yana shafa wuyanta, su kalli wurin har ta gaji. A hankali ta rage. Kafin ƙanƙara ta fara sauka, sai ta wuce kusurwar kanta a ƙasa tana neman ciyawa, ko waiwaye ba ta yi.

Ranar da ta fara wucewa haka, igiyar ce ta miƙe a tsakaninsu. Godiyar ta juyo tana kallonsa, tana jira. Wendell ne a tsaye, yana kallon inda babu komai.